Fuskar Kinsey a Buɗe

Ƙafa arba'in da uku ne tsakanin mai jifa da mai bugu a wasan sofbol, wasan da ake jefa ƙwallo a buge shi da kulki. Wannan kafin ta jefa ke nan. Idan ta yi tsallen nan ta saki ƙwallo, ta cinye wani abu daga cikin tazarar, hannunta yana ƙasa, ƙirjinta da fuskarta suna kallon kulki. Ƙwallon yana tafiya da gudun mota a babban titi. Idan kulki ya same shi daidai, ya fi haka gudu wajen dawowa.

Jikata Kinsey tana 'yar shekara takwas ta fara jifa. Ubanta ya kama gabansa tun tana rarrafe. Uwarta Rhonda, 'yata, aikin jinya take yi, ba ta da Asabar ba ta da Lahadi. Saura ni. Gwiwoyina sun riga sun sallame ni daga aikin rijiyoyin mai, don haka na kifa bokiti a bayan rumfar mota, na sa safar fata a hannu, na zauna. Kowace mai jifa a jiharmu ta Oklahoma tana da wani mai zama mata a kan bokiti. Ta jefa, ka cafe, ka mayar. Ƙaurina duk tabo ne. Ban taɓa yi wa kowa kuka da su ba.

Tana 'yar sha ɗaya muka je wata gasa. A filin da ke kusa da namu ƙwallo ya dawo wa wata yarinya, ya same ta a ƙarƙashin ido. Ban san sunanta ba, ban san garinsu ba. Na dai ga yadda fuskar ta koma kafin su rufe ta da tawul. Na ga mutum ya rasa hannu a bakin rijiya, na ci abincina a ranar. Wannan karon ban ci ba.

Kashegari na saya wa Kinsey kariyar fuska. Ragar ƙarfe ce mai madauri a ƙeya, yara suna ce mata takunkumi. Na ce mata ba takunkumi, ba jifa. Ba ta yi musu ba. Shekara biyar tana sawa.

A bana ta cika sha shida. Dokar manyan jami'o'i ta hana kociyoyinsu magana da yarinya ko danginta sai ɗaya ga Satumba, idan saura mata shekara biyu ta gama sakandare. Kafin ranar sai kallo kawai. Duk lokacin zafi za ka gan su zaune a bayan shingen waya, kowa da rigar makarantarsa da na'urar auna gudu a hannu. Wadda suka gani ta burge su, wayarta za ta yi ƙara a Satumba, ta samu karatu kyauta. Wadda ba su gani ba, ko ta fi kowa iyawa, babu ita.

Su kuwa ba sa ganin wadda ke zaune a benci.

Kocin ƙungiyarsu Brant Hollis ne, mai sayar da motoci. Masu jifa biyu gare shi, Kinsey da 'yarsa Paisley. Ba zan yi wa Paisley ƙarya ba, ta iya. Amma duk wasan da aka san masu na'ura za su zo, nata ne. Kinsey sai wasan sassafe a filin can ƙurya, raɓa ba ta bushe ba, ba mai kallo sai mu da tsuntsaye. Ko kuma ya tashe ta ana dab da busa ƙarshen lokaci, ta jefa wa mutum biyu a watse. Haka muka cinye Yuni. Haka muka shiga Yuli. Saura gasa ɗaya, a kusa da Tulsa.

Ranar Alhamis bayan atisaye Brant ya yafito ni.

"Baba Dewey, ina gajiya? Zo mu ɗan taɓa."

"Ina jin ka."

"Asabar da rana Kinsey ce za ta fara, kuma ba zan cire ta ba har a tashi. Akwai wata mata daga Kansas, Koci Ybarra. Mai jifa take nema ido rufe, kuma filinmu za ta zauna."

"Me ya samu 'yarka?"

Ya sosa ƙeya. "Kafaɗa. Likita ya ce ta huta."

"To."

"Sai dai da abu guda. Takunkumin nan ya yi zamansa a jaka."

Na dube shi. Ya mayar da baƙin gilashinsa kan ido.

"Ba ni na ƙirƙiro ba, Baba, kowa ya sani. Da sun ga yarinya da ƙarfe a fuska sun soke sunanta. Sai su ce matsoraciya ce, ba ta yarda da hannunta ba. Sunan ƙungiyata ne a ƙirjin rigarta. Ba zan fito da ita gaban manya kamar jakin da ake tsoron cizonsa ba."

"Wace ce a cikinsu ta gaya maka haka da bakinta?"

"Haba Baba. Sai an faɗa? Ka kunna talabijin ka duba."

"Na duba. Na ga masu sawa."

"Waɗannan sun riga sun shiga. Wanda ya shiga gida ai yana iya tuɓe takalmi."

"Idan ta ƙi fa?"

"Sai in aro yarinya daga wata ƙungiya. Waya ɗaya ce, ana layi." Ya dafa kafaɗata. "Taimakonta nake yi."

Na ɗauke hannunsa na mayar masa.

Da yamma Rhonda ta dafa wake da burodin masara, ta soya kuɓewa. Na bari aka yi addu'a, aka zuba, sannan na ce, "Ba za ki cire ba."

Kinsey ba ta ɗago daga kwanonta ba. "Na riga na ce masa to."

"Da izinin wa?"

"Fuskata ce, Kaka."

"Guda ɗaya gare ki."

"Asabar ɗin ma guda ɗaya gare ni."

Na juya wajen uwarta. "Ke ba ki da baki?"

Rhonda ta ajiye cokali. Idanunta sun yi ja don gajiya. "Baba, ni nake wanke irin raunukan nan a wurin aiki, kada ka ɗauka ban sani ba. Amma ka gaya mini wata hanyar da za ta shiga jami'a, in bi. Wasa ɗaya ne. Awa ɗaya da 'yan mintoci."

"Ƙiftawar ido ta isa."

"Paisley ba ta taɓa sawa ba, ga ta nan da haƙoranta," in ji Kinsey. "Hannuna ya fi nata sauri. Kai ka koya mini. Ko ba ka yarda da abin da ka koya mini ba?"

"Ba hannun da ya fi wannan ƙwallon sauri."

Sai ta ɗago. "Ni ba na tsoro. Kai ne kake tsoro."

Ba a taɓa gaya mini wannan kalmar a gidana ba. Na tashi na bar abincin. Na fita rumfar mota, na buɗe jakar kayanta, na ciro takunkumin. Kumfar da ke tokare goshi ta yi baƙi da guminta. Na sa shi a ƙasan akwatin ƙanƙarar da nake zuwa da shi fili, na ɗora kwalaben ruwa a kai.

Asabar ta zo da zafi tun hantsi. Filaye huɗu ne suka juya wa juna baya, ko'ina rumfunan tamfol, da iyaye masu jan keken kaya, da ƙamshin naman gashi. Lonnie Pruitt ya riga ni kafa kujerarsa. Jikarsa Bree ce mai cafe wa Kinsey, kuma mun daɗe muna zama wuri ɗaya muna zagin alƙalan wasa.

"Kai tsoho, wa ya mutu?" in ji shi. "Dubi fuska kamar an ce ka biya kuɗin giyar kowa."

"Rufe bakinka."

"Yau ce ranar yarinyarka, ka saki rai. Ungo gyaɗa. Af, na manta haƙoran na aro ne."

Ban karɓa ba. Idona yana bayan shinge. Akwai su wajen biyar a jere, Koci Ybarra ce ta ƙarshe, gajeriya, da furfura kaɗan a gefen kai, da koriyar riga. Ba wanda ke zuwa kusa da su. Iyaye suna kewaye wurin kamar akwai maciji, don an ce uban da ya dame su ya ɓata wa 'yarsa.

Na miƙe.

"Ina zuwa?" Lonnie ya riƙo wandona. "Dewey, kada ka yi. Dewey!"

Na je na tsaya a gefenta, na cire hula.

"Baiwar Allah, tambaya ɗaya gare ni."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kana da yarinya a filin nan, Baba?"

"Jikata."

"To sai dai mu gaisa. Doka ba ta ba ni fiye da haka ba. Ina wuni?"

"Ba a kanta ba ne. A kan ƙarfen fuska ne. Ki ce mini i ko a'a. In ma ba za ki yi magana ba, ki kaɗa kai."

"Ka yi haƙuri. Da gaske nake, ka yi haƙuri." Ta mayar da idonta fili. Kanta bai motsa ba ko kaɗan.

Na tsaya riƙe da hula har na ga iyaye sun fara nuna ni. Sannan na koma kujerata.

'Yan Texas ne abokan karawar. Ban san abin da ake ba yaran can suna ci ba. Ta huɗu a jerin buguwarsu ta fi ni tsawo, damatsanta kamar na mai sauke buhuna, kuma da take gwada lilo da kulki a gefe ina jin iskar daga inda nake.

Kinsey ta fito ta shiga da'irar da mai jifa ke tsayawa. Na shekara biyar ban ga fuskarta a wannan wurin ba. Ga ɗigon nan a kan hancinta, irin na kakarta marigayiya. Ga ɗan tabon haɓa na faɗuwar keke. Rana tana dukan goshinta. Sai na ga ashe ƙarama ce ƙwarai.

Ta juya hannu ta saki. Ƙwallon ya faɗa safar Bree da ƙara kamar an fasa katako. Masu na'ura biyu suka duba abin hannunsu, suka dubi juna.

Ban taɓa ganin ta yi jifa irin na ranar ba. Ƙwallon yana tasowa a gaban kulki kamar an ja shi da zare. Mai bugu ta farko ta kai duka uku, iska ta daka, aka fitar da ita. Ta biyu ma haka. Ta uku ta taɓa shi, ya gangara a hankali, ta ruga, amma aka riga ta isa tashar farko da ƙwallon, ita ma ta fita. Lonnie ya tashi yana ihu, gyaɗa tana zuba daga cinyarsa.

"Ka gani? Ka gani, tsohon banza? Da ma ƙarfen nan ne ya danne ta!"

Ni ba na kallon ƙwallon. Kulki nake kallo. Duk jifa, daga lokacin da hannunta ya fara juyawa har ƙarar safa, ba na numfashi. Hannuwana sun kama ƙarfen kujera har yatsuna suka mutu.

A zagaye na biyu doguwar ta shigo. Jifan farko ta same shi da wuri, ya tafi gefe ya daki shinge, wayar ta lotsa. Wata uwa ta yi salati ta janye ɗanta. Doguwar ta yi murmushi, ta gyara tsayuwa. Kinsey ta yaudare ta da jifa mai sanyi, doguwar ta ɗaga shi sama, aka cafe, ta fita. Da take komawa ta juyo ta dubi Kinsey, ta gyaɗa kai kamar mai cewa na gane ki.

Na san irin wannan kallon. Mai bugu na gaske ba a yaudararta sau biyu da abu ɗaya.

Zagaye na huɗu ta dawo. Bree ta ba da alamar irin jifan da za a yi, Kinsey ta girgiza kai, ta sake ba da wata, ta karɓa. Na ce a zuciyata, waje, jefa mata nesa da kulki, bar ta ta wuce kyauta, ba abin kunya ba ne. Ta juya hannu. Tun daga sakin na san ƙwallon bai tashi ba. Ya tafi a miƙe, tsakiya, daidai ɗamara.

Ƙarar ba irin sauran ba ce.

Ban ga ƙwallon ba. Ba wanda ya gan shi. Na ga hular Kinsey ta yi sama, na ga kanta ya fizge gefe, na ga ta zauna daɓas a cikin jar ƙasa. Wata mata a bayana ta ƙwalla ƙara. Ƙwallon yana can tsakiyar fili yana gudu, safarta kuwa ko ɗamara ba ta kai ba.

Ban san lokacin da na buɗe akwatin ƙanƙara ba. Na ga dai kwalabe suna birgima a ƙasa, takunkumin yana hannuna yana ɗigar ruwa, ina tafiya da gwiwoyin da suka manta ba sa gudu.

Kafin in isa ta miƙe. Alƙali ya tsayar da wasa, suka kawo ta bakin rumfar 'yan wasa. Ɗinkin ƙwallon ya shafi saman kunnenta na hagu ya yanka. Jini yana bin wuyanta yana shiga riga. Wata uwa mai akwatin magani tana danna mata auduga. Faɗin yatsa biyu ne tsakanin wurin da idonta. Na auna da idona, na sake aunawa.

Brant yana da doka: duk uban da ya zo bakin rumfa ana wasa, 'yarsa ta koma benci. Ya tare ni a shinge.

"Baba Dewey, ka san dokata. Zan yi kamar ban gan ka ba, amma ka juya yanzu."

Ban kula shi ba. Na ɗaga takunkumin ta saman waya.

"Kinsey. Ungo."

Ta dubi abin, ta dube ni. Fuskarta ta yi fari fat. Sannan ta saci kallon bayan shinge, inda mai koriyar riga ta miƙe tsaye tana kallonmu.

Ta matso har goshinta ya kusa taɓa wayar, ta yi ƙasa da murya.

"Kaka, idan na karɓi wannan a gaban matar nan, ka gama da ni."

"Kin ga inda ya bi?"

"Na ji shi. Ya wuce."

"Na gaba ba zai wuce ba."

"Sauke hannunka. Kowa yana kallo."

"Ni na ce ki sa."

"Na ji. Ba zan sa ba." Hawaye ya taru a idonta, ba ta bar shi ya zubo ba. "Don Allah, Kaka. Koma ka zauna. Don Allah."

Na yi shekaru ina ba ƙarti umarni a kan ƙarfe mai juyawa a bakin rijiyar mai, ba wanda ya taɓa ce mini a'a sau biyu. Na duba ko akwai wanda zai tsaya tare da ni. Alƙali yana duba agogo. Mai maganin tana manna filasta. Brant ya harɗe hannu. Zan iya zagayawa ta ƙofa in shiga in ɗauke ta, na san ina da sauran ƙarfin wannan. Na kuma san idan na yi, ba za ta sake kallona ba.

Na sauke hannuna.

Da na koma Lonnie ya tattara mini kwalaben. Bai yi ba'a ba. Ya ce, "Zauna, ɗan'uwa. Sha ruwa." Na kasa buɗe murfin, shi ya buɗe mini.

Ta ɗauki hularta ta kakkaɓe, ta koma da'ira. Jifanta biyu na farko suka tafi ƙasa. Na ce shi ke nan, ta karye, zai cire ta, kuma Allah ya sani na yi murna. Sai na uku ya tashi. Ta fitar da wannan, ta fitar da ta bayanta.

Lokaci yana gab da cika doguwar ta shigo karo na uku, da 'yan Texas biyu a kan tasha suna jiran ta buga su ruga su ci, mu muna gaba da ci ɗaya. Filastar kunnen Kinsey ta jiƙe ta yi ja. Na so in rufe ido, na kasa. Na ji kamar idan na daina kallo ne abin zai faru.

Ta jefa mata ciki, dab da hannuwa, inda ba mai hankalin da zai jefa wa wadda ta kusa cire masa kai. Doguwar ta ja baya. Ta sake jefa mata nan. Ta kai duka ta rasa. Na ƙarshe ya taso daga ɗamara zuwa haɓa, kulkin ya bi ta ƙarƙashinsa, ƙarfin lilon ya juya ta har ta durƙusa.

Yara suka ruga suka rufe Kinsey. Sauran masu na'ura sun daɗe da komawa wasu filaye. Mai koriyar riga tana nan har ƙarshe. Ta naɗe kujerarta ta wuce ta gabana, ba ta dube ni ba.

A mota Kinsey ta yi barci da ƙanƙara a kunne. Na tuƙa mu har gida.

Ɗaya ga Satumba wayarta ta yi ƙara bayan ta dawo daga makaranta. Ta ɗora ta a teburin kicin ta buɗe murya, Rhonda tana tsaye da kayan aikinta a jiki. Koci Ybarra ce. Ta ce tana son Kinsey ta zo ta ga makarantar. Ta ce akwai gurbi, kuma ba zaman benci take kiranta ba, tun shekarar farko za ta riƙa jifa. Rhonda ta toshe baki da hannu biyu.

Na jira suka gama. Na matso da kujera.

"Baiwar Allah, Dewey Stroud ne, kakanta. Yanzu doka ta yarda in yi tambayata?"

Ta yi dariya. "Mai hula a hannu! Na tuna ka. Ka hana ni sukuni ranar nan. Tambayi."

"Da ta sa ƙarfe a fuska, da kin soke sunanta?"

"Wa ya gaya muku haka? Masu jifa uku gare ni, biyu suna sawa. Ni gudun ƙwallo nake kallo da inda yake faɗawa. Da so samu ne, duk su sa, in riƙa barci da kyau."

Na dubi Kinsey. Tana kallon tebur.

"To ki sa ta dole," na ce.

"A'a, Baba, wannan ban yi. Wadda za ta tsaya a da'irar ita ke zaɓa."

Da aka kashe wayar na je na ɗauko takunkumin na ajiye a gabanta.

"Kin ji da kunnenki. Ƙarya ce tun farko."

"Na ji."

"To?"

Ta tura shi gefe da yatsa ɗaya, a hankali. "Ranar da na cire shi ne na yi jifan da ban taɓa yi ba. Tun daga nan ban faɗi wasa ba. Ba a taɓa abin da ke ci, Kaka, ka fi ni sani. Bree safar ƙafa ɗaya take sawa tun Yuli, uwarta ba ta isa ta wanke ba."

"Safar ƙafa ba ta tare ƙwallo."

"Ina ganin komai yanzu. Ba sandar ƙarfe a gaban idona. Idan na mayar da shi, duk jifa sai na tuna dalilin da ya sa na mayar."

"Rhonda, yi mata magana."

Rhonda ta yi. Ta yi da lallashi, ta yi da faɗa, ta kawo mata labarin abin da take gani a wurin aiki. Yarinyar ta saurara har ƙarshe, ta ce ta gode, ta tashi ta tafi kiran ƙawayenta. Na je wajen Brant a kantin motocinsa na gaya masa abin da matar ta ce. Ya ce, "Haka za ta faɗa mana a waya. Ba ga shi ta kira ba?"

Yanzu an shiga wasannin kaka, ganye ya fara ja. Kafaɗar Paisley ta warke, amma Kinsey ce ke fara manyan wasanni, don sunanta ya fita, kuma Brant yana son a ce daga hannunsa ta fito. Bayan wannan akwai shekara biyu na sakandare, sannan huɗu a Kansas, inda kowace mai bugu irin doguwar nan ce.

Ni nake kai ta fili duk Asabar. Ina sauke mata jaka, in ce ta yi da kyau. Sannan in kai a-kori-kurata can ƙarshen wurin ajiye motoci, in juya mata baya ga fili, in sauke gilashi. Lonnie ya zo sau biyu yana buga mini ƙofa, yana cewa kujerata tana kuka. Ya gaji ya bari.

Daga nan ana jin komai. Ƙarar safa daban, ƙarar kulki daban. Idan kulki ya samu ƙwallo sosai, sai in riƙe sitiyari in jira ihun mutane. Na murna ne ko na haushi, duk ɗaya ne a wurina, alamar Kinsey tana tsaye ke nan. Wani lokaci ihun yakan ɗan makara.